Kamun Kifi A Ruwa Iya Gwiwa: Amsar Takardu Daga Jega, Aliero Da Maiyama

Takardu uku muka haɗa wuri guda a wannan mako, domin dukansu daga jihar Kebbi suka fito, kuma dukansu maganar kifi suke yi.

Ta farko, wadda ta fi tsawo, daga Jega take. Mai takardar ya ce shi tela ne, amma kakansa na wajen uwa basarke ne. Ƙaninsa ne ya nuna masa wani hoton bidiyo a Facebook, inda ya ga wasu Turawa a cikin teku, ba gaci kusa, amma ruwan bai wuce musu gwiwa ba. Wani yana tsaye bisa ɗan dandamali a bayan jirgi yana tura shi da doguwar sanda, yana nuna wa ɗayan inda zai jefa fatsa. Da suka kama kifin sai suka ɗauki hotonsa suka sake shi. Yana so ya san wane irin teku ne wannan marar zurfi, me ya sa aka ce da kaka ne abin ya fi armashi, wane ne mai sandar, sa'an nan kuma shin mutanen nan da hankalinsu kuwa, da za su sha rana su kama kifi su saki?

To Malam, da hankalinsu sarai, kuma za mu zo kan wannan. Amma bari mu fara daga bayan garinku, don rabin abin da ka gani a wayar nan yana faruwa a can kowace shekara.

Gulbin Zamfara, wanda a wajenku ake ce wa Gulbin Gindi, yakan biyo ta Anka da Gummi ya ratsa ta Jega, ya je ya haɗu da Gulbin Kebbi kudu da Birnin Kebbi, su gangara tare su faɗa Kwara. Da rani ka san yadda yake, yashi ne da 'yan gurabu nan da can. Amma in marka ta zauna, wajen Agusta zuwa Satumba, sai ya cika ya fasa gaci ya malale fadama. To wannan ruwan da ya malale, wanda a wurare da yawa bai fi gwiwa ko ƙugu ba, shi ne gonar kifi. Kashin dabbobi da busasshiyar ciyawa da ganyen da suka kwana a ƙasa duk rani sukan jiƙa su ruɓe, rana ta ɗumama ruwan tun daga sama har ƙasa saboda ba shi da zurfi, sai ƙananan halittu da tsutsotsi da ƙwari su yi ta hayayyafa. Kifi ya san da haka. Da ruwa ya fara hawa yakan bar gulbi ya bi shi cikin ciyawa. Tarwaɗa takan zuba ƙwai da dare a ciyawar da ruwa ya rufe. Balli, wanda wasu ke kira bargi, yakan share wuri ya yi sheƙa zagayayya a cikin ciyawa kamar tsuntsu. Yauni ma sheƙa yake yi. Uwar karfasa kuwa a baki take riƙe ƙwanta da 'ya'yanta har su yi wayo. Dukansu dabara ɗaya ce: a haifi 'ya'ya a inda abinci ya yi yawa, kuma inda manyan mafarauta irin su giwan ruwa da tsage ba su jin daɗin kutsawa.

Sai kaka ta zo. Shamuwa ta tafi, agazari ya buɗe, an fara yankan gero. Ruwa ya fara ja da baya. Kifin da ya yi wata biyu ko uku yana kiwo ya yi ƙiba, yanzu dole ya nemi hanyar komawa gulbi kafin a rufe masa ƙofa, kuma hanyoyin komawar 'yan kaɗan ne, watau ƙoramun nan da suka haɗa fadama da gulbi. A bakinsu manyan kifaye ke jira, a nan zalɓe ke tsayawa, a nan kuma masunci ke kafa shingensa ya jera gura. Wanda ya makara ya rage a tafki. Gaiwa ita ko oho, in tafki ya ƙafe sai ta nutse cikin laka ta lulluɓe kanta ta yi barci har wata damina.

Ka riƙe wannan hoton a ranka, Malam, don shi ne amsar tambayarka. Abin da gulbinku yake yi sau ɗaya a shekara, teku tana yinsa kowace rana.

Wata yana jan ruwan teku, rana ma tana ja amma ba kamar wata ba. Saboda haka a yawancin gaɓoɓin duniya teku takan cika ta janye sau biyu cikin awa 24 da minti 50, a wasu wurare kuma sau ɗaya. Cikowar ta fi ƙarfi a lokacin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. To akwai wuraren da ƙasar bakin teku ba ta gangara nan take, sai ta shimfiɗe kamar faifai mil bayan mil, da yashi ko laka ko ciyawar ruwa. In teku ta cika sai ruwa ya hau wannan shimfiɗa iya gwiwa, in ta janye wani wurin har ƙasa ta fito. Irin wannan wuri ne ka gani. A kudancin jihar Fulorida ta Amurka akwai wani mashigin teku mai faɗin kimanin murabba'in mil 850 wanda yawancinsa bai kai zurfin tsayin mutum ba. Akwai irinsa a gaɓar Teksas da Luwiziyana, da tsibiran Bahamas, da ƙasar Beliz. Ƙaguwa da jatan lande da tsutsotsi suna zaune a lakar. Da ruwa ya fara hawa sai kifi ya biyo shi ya yi kiwo, da ya fara janyewa sai ya gudu ta 'yan hanyoyin da suka fi zurfi. Ka ga fadama ke nan, sai dai ta gishiri ce, kuma daminarta da kakarta duk cikin yini ɗaya suke.

Kifaye uku aka fi nema a irin wuraren nan. Akwai wani fari ƙal mai tsananin gudu da tsoro, wanda sunansa a Turanci ke nufin kifi mai ƙashi, don ƙaya ta yi masa yawa, da wuya a ci shi da daɗi; galibi bai wuce kilo 2 zuwa 4 ba. Akwai jan kifi mai baƙin ɗigo a gindin wutsiya. Sai kuma babbansu, tarfon, mai manyan ɓawo kamar azurfa, wanda yakan haura kilo 100, kuma yakan leƙo sama ya haɗiyi iska kamar yadda tarwaɗa ke yi. Shi wannan ba na Amurka kaɗai ba ne, akwai shi a gaɓar Afirka ta Yamma. Wanda ma ya fi kowane nauyi da aka rubuta an kama da fatsa, a tsibiran Gini Bisau aka kama shi a 2003, kusan kilo 130.

Me ya sa kaka? Dalili na farko zafi ne. Kifi ba ya riƙe ɗumin jikinsa kamar ni da kai, yadda ruwa yake haka jikinsa yake. Ruwa marar zurfi kuwa yakan yi zafi da wuri, ya huce da wuri. A tsakiyar lokacin zafinsu, wajen Yuli da Agusta, ruwan shimfiɗar nan yakan wuce digiri 32 a ma'aunin Santigireti da rana tsaka, kuma ruwa in ya yi zafi iskar numfashin da ke cikinsa raguwa take yi: a digiri 20 lita guda ta ruwan daɗi takan riƙe wajen miligiram 9, a digiri 30 kuwa 7 da rabi. Sai kifi ya kasa sukuni, ya yi kiwo da asuba kawai ya gudu. In kuma sanyi ya sauko sosai, nan ma gudu yake yi zuwa zurfi. A watan Janairun 2010 an yi wani sanyi a Fulorida da ya kashe kifaye ba iyaka a irin waɗannan wurare. Kaka, watau daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, ita ce tsaka-tsaki. Ruwan yana da sauran ɗumi amma ya daina ƙuna, kifi yana iya yini yana kiwo. Dalili na biyu abinci ne: ƙananan kifaye da jatan landen da suka girma a lungunan gaɓa sukan taso ayari-ayari a wannan lokaci su nufi teku, manya kuma su tare su a hanya. Masuntan Jega ba za su yi mamakin ko ɗaya cikin biyun nan ba. Sun san in hunturu ya kankama kifi yakan lafe a gurbi da safe ya ƙi cin fatsa, sai rana ta ɗaga.

Yanzu sai mai sanda. Shi ne jagora, kuma shi ake biya, ɗaruruwan daloli a yini guda. A Amurka sai ya sami lasin tuƙa jirgin haya daga hukumar tsaron gaɓar teku kafin ya ɗauki fasinja. Jirgin nasa mai shafaffen ciki ne, yana iya tafiya a ruwan da bai kai kamu ɗaya ba. In sun iso wurin sai ya kashe inji, don ƙarar inji tana korar kifi, ya hau dandamalin nan ya riƙa tura jirgin a hankali da sanda mai tsawon kamar mita 6. Hawan da ya yi don ya hango ne. Yakan sa wani irin tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, ya riƙa neman inuwar kifi a kan yashi, ko ɗan gurɓacewar laka inda kifi ya tona, ko kuma wutsiya, don kifin in ya dunƙufar da kai yana tonon ƙaguwa wutsiyarsa takan fito waje tana rawa. Da ya gani sai ya faɗa wa baƙon da lissafin agogo. Hancin jirgi shi ne ƙarfe goma sha biyu. In ya ce ƙarfe goma, ƙafa arba'in, baƙo ya san ya juya hagu kaɗan ya jefa. Sau da yawa baƙon bai ma ga kifin ba, da idon jagora yake jifa. Kuma jifa ɗaya ce ko biyu, don ruwan garau yake, yadda kake ganin kifi haka yake ganinka. Bahaushe ya riga ya faɗa, kifi na ganinka mai jar koma.

Ka ga ashe ba jirgi ake saya ba, ba kuma ƙarfin tura sanda ba. Abin da ke kan mutumin nan ake saya: ya san a wane dare na wata, da wace iska, ruwa zai kai wane lungu da ƙarfe nawa, kuma ta wace hanya kifi zai fita. Wannan ba a koyonsa a shekara ɗaya. Kuma in ka cire tabarau da dala, aikin kakanka ke nan. Basarke na ƙwarai yakan dubi launin ruwa ya gaya maka ko gulbi na hawa ne ko sauka, ya ga 'yan kumfa suna tasowa ya ce tarwaɗa ce, ya ga ciyawa ta motsa ba iska ya ce balli ne ke gadin sheƙa. Ya san gurbin da ke da kada, da wanda ke da minjirya, da inda yashi ke zabtarewa a ƙarƙashin ƙafa. Bambancin kawai, ruwan kaka a wajenku ja ne da laka, ido ba ya ratsa shi, saboda haka basarke da alamu yake aiki, da kunne, da tafin ƙafa. A ganinmu ma nasa karatun ya fi wuya.

To sai batun sakin kifi, wanda ya fi ba ka mamaki. Ba tausayi ba ne kawai, wuya suka sha. A farkon shekarun 1980 wani mai dafa abinci a birnin Niyu Olins, Paul Prudhomme, ya shahara da wata irin suyar jan kifin nan, sai duk Amurka ta kama nema. 'Yan kasuwa suka shiga teku da manyan taruna, har da jiragen sama masu hango musu garken kifi, suna kwashe iyayen da ke zuba ƙwai. Cikin 'yan shekaru abin ya kai ga a 1988 gwamnatin tarayya ta rufe kamun kifin baki ɗaya a ruwanta na mashigin tekun Meksiko. Jihar Teksas ta riga ta hana sayar da shi tun 1981. A 1994 mutanen Fulorida suka kaɗa ƙuri'a aka hana kalli a ruwan gaɓarsu, dokar ta fara aiki a Yulin 1995. Beliz ta yi doka a 2009 cewa mai ƙashin nan da tarfon da wani na uku sai dai a kama a saki, Fulorida ma ta yi irin wannan a 2013 a kan biyun farko. Lissafin jagora mai sauƙi ne. Kifin da aka soya sau ɗaya ya kawo kuɗi. Wanda aka saki, wani baƙo zai sake biya don ya kama shi baɗi. Kada kuma mu manta masu wannan wasa ƙosassu ne, ba da kifin za su yi cefane ba. Ba za mu ce wa mai iyali a Jega ya kama ragon ruwa ya saki ba, wannan zancen banza ne.

Amma fa ainihin dabarar, watau a bar wani don gobe, ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kabi. Tun kafin zuwan Turawa akwai tafkuna da gurabun da ake hana taɓawa bayan ruwa ya janye, sai ranar da Sarkin Ruwa ya buɗe su, a yi shela, gari ya fito da homa da gora a yi su gaba ɗaya. Kafin ranar, ƙananan sun girma. Bikin Argungu, wanda ake lissafin farkonsa daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, a kan wannan ƙa'ida ya tsaya: ana tsare Matan Fada ne, shi ya sa ake samun giwan ruwa mai kilo 78 irin wanda aka fitar a 2020. Ba a samun irin wannan a ruwan da ake tacewa kullum.

A nan ne muke so masu sauraro su tsaya su yi tunani, don ruwan kaka shi ne ya fi kowane sauƙin cuta. Kifin duka ya taru a wuri marar zurfi, hanyar fitarsa ƙunci ce, kuma yawancinsa 'ya'yan bana ne da ba su taɓa zuba ƙwai ba. Mutum ɗaya in ya toshe bakin ƙorama daga gaci zuwa gaci da gidan sauro, wanda aka raba don zazzaɓin cizon sauro, zai cika kwando da 'yan kifaye kamar yatsa, ya shanya ya sayar a kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Kifin baɗi da na baɗin waccan ya kwashe ke nan, nasa da na maƙwabtansa. Wanda ya fi shi muni shi ne mai zuba guba. Shekaru da yawa an sha fama da masu zuba Gamalin 20 a tafki, maganin ƙwarin koko ne, kuma sinadarin da ke cikinsa yana cikin waɗanda duniya ta amince a 2009 a daina amfani da su a gona. Guba ba ta zaɓe, takan kashe uwa da ƙwai da kwaɗo, ta kuma bi kifin har cikin tukunya. Doka tana nan: dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa mai lamba 108 ta 1992 ta hana guba da nakiya da lantarki, ta kuma hana raga mai idon da bai kai milimita 76 ba, watau inci 3, in ban da wasu 'yan nau'o'i da ta keɓe. Sai dai ma'aikacin kifi ba ya kwana a bakin ƙorama. Wanda ke kwana a can Sarkin Ruwa ne, kuma inda aka daina jin maganarsa, takardar doka ba ta tsare ko karfasa ɗaya.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin masunci. Madatsar Bakolori da aka gama a 1978 kusa da Talata Mafara, da ta Goronyo da ta biyo baya, sun canza yadda ruwa ke malala a fadamun Gulbin Sakkwato da Rima. Wani masani ɗan Ingila, William Adams, ya wallafa bincike a 1985 da ya nuna yadda ambaliya ta ragu a ƙasan Bakolori, kifi ya ragu, har wasu masunta suka bar sana'ar ko suka yi ƙaura. Ko da yake waɗannan madatsu ba a kan gulbinku suke ba, ruwan a haɗe yake, kuma kifi bai san iyakar ƙaramar hukuma ba. Sa'an nan noman shinkafar rani, wanda ya bunƙasa ƙwarai bayan da aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, ya kawo arziki, ba mai musu. Amma injin ban ruwa yana shanye tafkin da a da yakan kai kifi har bazara, maganin ciyawa da na ƙwari kuma a ruwan yake ƙarewa. Sau da yawa ma mutum ɗaya ne, da safe manomi da yamma masunci, yana cin kansa da kansa bai sani ba.

Takarda ta biyu daga Aliero take. Wani manomin albasa ne da ya gina kududdufin siminti yana kiwon tarwaɗa. Shi ma ya ga irin hotunan nan, yana tambaya ko in ya zuba gishiri a ruwansa zai iya kiwon kifin teku, kuma shin wata yana jan ruwan gulbi kamar yadda yake jan teku.

To Alhaji, ruwan teku yana da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita. Watau duro ɗaya mai lita 200 zai ci kilo 7, kuma duk ranar da ka canza ruwa sai ka sake zubawa. Ko ka jure wannan, gishirin teku ba gishirin miya kaɗai ba ne, akwai wasu sinadarai a haɗe. Dalilin da ya sa abin yake da muhimmanci kuwa, kai ka fi kowa saninsa. Yanka albasa ka barbaɗa mata gishiri, ka ga yadda take fitar da ruwa ta yi laushi. Haka ruwan teku yake tsotse ruwan jikin kifi, shi ya sa kifin teku kullum cikin shan ruwa yake, yana fitar da gishirin ta jan naman nan da yake numfashi da shi. Kifin gulbi kuwa akasin haka ne, ruwa ne ke kutsa jikinsa, sai ya riƙa fitar da shi da yawan fitsari. In ka musanya musu gida yawancinsu mutuwa za su yi. Akwai 'yan kaɗan masu iya zama a ko'ina; jan kifin da muka ambata har an zuba shi a wasu tafkunan ruwan daɗi a Teksas, yana girma amma ba ya haihuwa a can. Shawararmu dai ka riƙe tarwaɗarka, ita ce ke jure zafin Aliero da ƙarancin iska a ruwa, kuma ita ce ke da kasuwa. Game da wata, a'a, gulbi da tafki sun yi ƙanƙanta ya motsa su yadda ido zai gani. Abin da masunta ke lura da shi a farin wata haske ne: kifi yakan ga raga ya kauce.

Ta uku daga Maiyama, wani matashi ne da ya gama karatu bai sami aiki ba. Yana tambaya ko mutum zai iya cin abinci da wannan sana'a ta jagora a jihar Kebbi.

Samari, ba za mu yi maka daɗin baki ba. Irin wancan na gani da ido ba zai yiwu a ruwan kaka na wajenku ba, saboda laka. Sai rani, in ruwa ya kwanta. Amma akwai masu biyan kuɗi mai yawa don giwan ruwa da tsage: suna zuwa tafkin Nasar a Masar, suna zuwa kogin Faro a arewacin Kamaru, dab da iyakar Adamawa, da rani, su kama su saki. Abin da ke kai su can abu uku ne: manyan kifaye da aka tsare, kwanciyar hankali a hanya, da jagoran da ya san ruwa. Na farko da na biyu ba a hannunka suke ba. Na uku yana hannunka, kuma ba sai Bature ya zo ba. Maiyama tana kan hanyar Jega zuwa Yawuri, akwai ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗaliban jami'ar Aliero masu nazarin kifi da ruwa, waɗanda za su so a shiga da su fadama a nuna musu, a kuma dawo da su lafiya. Sai dai ka fara zama ɗan koyo wajen tsofaffin sarkawa, damina uku ko huɗu aƙalla, ka kuma je da littafi ka rubuta sunan kowane gurbi da watan da yake cika da watan da yake yankewa.

In ka kai ga ɗaukar mutane, abu biyu kada ka yi wasa da su. Rigar ruwa ga kowane fasinja, ko ya iya iyo, kuma kada ka cika jirgi. Ba a manta da jirgin da ya nutse kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021 ba, inda aka rasa mutane da yawan gaske. Na biyu, ruwan nan mai ɗumi marar gudu, mai bado da kainuwa, shi ne gidan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya, kuma ƙwayar cutar ta fata take shiga, ba sai an sha ruwan ba. Baƙon da ba dole ya taka ruwa ba, a bar shi cikin jirgi ko a ba shi dogon takalmin roba. Wanda kuma ya ga jini a fitsarinsa, yaro ko babba, ya je asibiti a auna shi. Akwai maganinta, ana kiransa Praziquantel, kuma bisa nauyin mutum ko tsayinsa ake ba da shi, saboda haka kada a saya a sha da ka.

Da fatan masu tambaya sun gamsu. Mai takardar da ya aiko daga Jega yana tambaya a kan minjirya, yadda take yin lantarki ba ta kashe kanta ba, ya yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.